Ranar da Aka Yi Mini Sussuka a Gadon Baya

Ciwon ya kama ni a tsakiyar bazara, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40, ina tsaka da lodin buhunan albasa. Wani abu ya soke ni a kwiɓin dama ya gangara mara. Na dafe ƙugu na ce shi ke nan, baya ya motsu.

A Fakku ba a rasa likita. Duk wanda ya zo duba ka, da maganinsa a baki yake shigowa. Kawu ya ce sanyi ne. Mai shayin bakin kasuwa ya rantse basir ne ya hau sama. Uwargida kuwa ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Malam, girma na, ka ƙi yarda."

Inna ce ta yanke hukunci: a kira yara su taka mini baya. Na kwanta rub da ciki a kan tabarma. Autana ya hau da ƙafafunsa futu-futu da ƙura, ya dafa bango yana takawa a hankali yana dariya. Sai ga yayansa, wanda na zane jiya-jiya saboda gudun makarantar allo, ya ce shi ma yana son ladan. Jama'a, yaron nan sussukar gero ya yi mini. Ina ihu, Inna tana daga bakin ƙofa tana cewa, "Ƙara mashi, ciwon na ka hita!"

Wanzami ya zo ya kafa ƙaho, ya nuna mini guda-gudan jini baƙi ƙirin, ya ce mataccen jini ne. Na biya, na yi godiya. Mai kemis ya haɗa ni da diclofenac da man zafi, na riƙa afa ƙwayar bibbiyu cikina ba komai. Ciwon ya lafa da rana, da dare ya dawo har da amai.

Sai ɗan ƙanwata da ke karatu a birni ya bugo waya. Ya ce, "Kawu, ka bar waɗannan. Ka taho sashen gashin ƙashi kai tsaye, kada ka ɓata lokaci a layin likita." Na hau kabu-kabu zuwa Tambuwal, kowane rami sai na yi salati. Na wuce asibitin garin ko waiwaye ban yi ba, ai ni na san abin da ke damuna. Mota ta bi da mu Dogon Daji, Shagari, Bodinga, har Sakkwato.

Na shiga ina ƙoƙarin tuɓe riga, ma'aikaciyar gashin ta ce in dakata. Yarinya ce sa'ar 'yata. Ta ga tabon ƙaho ta yi shiru, sannan ta fara tambaya. Na faɗi ne? A'a. Zazzaɓi? Kaɗan-kaɗan. Idan na kwanta ciwon yana sauƙi? Ina, sai dai in yi ta juyi.

"Baba, yaya fitsarinka?"

Na ce 'yar nan, baya na kawo miki. Ta sake tambaya. Na duƙar da kai na ce ya ɗan yi ja. Ta zagayo ta ɗan bubbuga ƙasan haƙarƙarina ta baya, na yi tsallen da rabona da shi tun ina dambe.

Ta ce ba za ta gasa ni ba. Aikinsu, in ji ta, shi ne bayan da ya sage saboda garma, gwiwar da ta ƙi lanƙwasuwa bayan an cire filasta, da mai shanyewar ɓarin jiki da likita ya riga ya duba. Amma ciwon baya da ya zo da zazzaɓi, rama da zufar dare yana iya zama tarin fuka da ya shiga ƙashin baya. Wanda ƙafafunsa suka mutu, ko fitsari da bayan gida suka ƙwace masa, wannan ko kwana ba a bari ya yi. Wanda ya faɗo daga babur, hoto tukuna. Sha-raɓar da ta kumbura ta yi zafi ba a murza ta, don gudan jini na iya ɓallewa ya tafi huhu. Mai sikila ma likita ne farko.

Haka na koma layin da na gudo wa, a can ƙarshe. Aka gwada fitsari, aka shafa mini mai sanyi a ciki aka yi sikanin. Tsakuwa ce a hanyar ƙoda, milimita 4, ko ƙwayar dawa ba ta fi ba. Likita ya ce zafi da ƙarancin shan ruwa ke haifar da ita, kuma irin wannan ƙaramar yawanci da kanta take fita. Ya rubuta magani, ya ƙwace sauran ƙwayoyin aljihuna, ya ce shan su barkatai babu ruwa a jiki na iya lahanta ƙodar. Ƙashin bayana kuwa lafiya lau, in ban da sawun ƙafar ɗana.

Da na dawo gida Kawu ya saurari bayanin duka, ya gyaɗa kai ya ce, "Ai na hwaɗa, sanyi na ka tara tsakuwa."

Gwajin fitsarin nan da ya tona asirin, ana yin sa a Tambuwal, kuma kuɗinsa bai kai kuɗin motata zuwa Sakkwato ba.