Wai Me Ya Kai Ni Gidan Makama?

Tun da na dawo daga Kano 'yan majalisar bakin tasha suka sa ni gaba. Wai duk Tsiga ba a taɓa jin wanda ya sayar da buhun masara ya yi kuɗin mota, bai taka Kantin Kwari ba, bai leƙa Dawanau jin farashi ba, sai kallon tsofaffin tarkace. Wani ma ya rantse zance na je. To, ku gyara zama.

Da asuba na kama hanyar Malumfashi, muka bi ta Gwarzo, muka shiga ta Kabuga. Ta wannan ƙofa sojojin Turawa suka faɗa Kano a 1903. Su da igwa suka zo, ni da ƙullin masara da ɗan barkonon tsaraba.

Gidan Makama yana daf da gidan Sarki. Nan Muhammadu Rumfa ya zauna yana Makama, kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Ginin ƙasa ne, ku da kuke cewa ƙasa ba ta ƙarko, kuna ta rushe ɗakunan kakanninku kuna aza bulo. Na shiga da rana tsaka, sanyi ya buge ni kamar na leƙa randa. Na tsaya gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, na dubi kaurinsu, na tuna langa-langar da Alhaji ya kafa a rumbunsa yana kira ƙofa. Ɗakin amarya kuwa, nan dariya ta kama ni: jeren nan dai da ƙwaryar da iyayenmu suka gaji da su, ga su an adana, ɗalibai na ɗaukar hoto. Baba, kai da ka bai wa kaji akushin kakarka su sha ruwa, ka ji ko?

Na kuma leƙa Gidan Ɗan Hausa, amma ban daɗe ba. Baturen da ya zauna ciki, Hanns Vischer, shi ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, wato shi ya jawo muku kuɗin makarantar da kuke kuka da shi.

Daga nan sai Kurmi, layin masu littattafai. Malam, kai da ka ce waya ta kashe karatu, je ka ga almajirai na cinikin Ahalari da Ishmawi kamar ana rabon taki. Na sayi Risala, na nemi ragi, mai rumfa ya ji harshena ya ce, "Bakatsine, ai ku da auduga, ba a yi muku ragi."

Zumunci shi ya kusa kayar da ni. Gwaggo a Gwale ta ajiye tuwo, ta ce in ban cinye ba kada in ƙara taka mata gida. Kawu ya ji na fara da ita, ya yi fushi, sai da na lallashe shi da cin shinkafarsa. Kowannensu tambaya ɗaya: nawa buhu a Bakori?

Ga Risalar nan a aljihuna. Mai cewa zance na je, zo ka karanta mana shafin farko.