Masu Motocin da Ba Sa Shan Mai

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu mota a unguwar Kinkinau ta Kaduna suka rabu gida biyu: masu ƙorafi, da waɗanda motarsu ba ta wuce kamu ɗaya ba. Waɗannan na biyun ba ruwansu da layin gidan mai, ba ruwansu da 'yan KASTLEA masu kula da titi, kuma duk tirela ko tanka ko tifar da ta ratsa baifas, wato titin Nnamdi Azikiwe, kafin mako ya zagayo za ka ga ƙanwarta tana yawo a lungu, ana tura ta da sanda.

A Japan da Turai wannan sha'awa a kwali take zuwa, da takardar bayani da lamba a jikin kowane yanki. A nan kuwa kwalin shi ne bola, kuma wanda ya fi kowa iya karanta ta shi ne Injiniyan Bola. Za ka gane shi da tafiyarsa, domin kansa a sunkuye yake kullum, ba don ladabi ba. Abin da kai ka yar, shi kayan gyara ne a wurinsa. Gwangwanin madara tanka ne. Gwangwanin kifi bodin a-kori-kura ne. Langa-langa ita ce ƙashin bayan mota, bututun biro gidan da ƙarfen taya zai riƙa juyawa a ciki, guntun robar tayar keke kuwa ita ke hana mota jin gargada. Idan ya ƙware sai ya ciro ɗan injin cikin mataccen rediyo mai kaset, ya haɗa da batirin waya, mota ta tashi da kanta. Idan ya gawurta sai ya samo sirinji biyu da siririyar robar ƙarin ruwa, ya cika su da ruwa, ya danna wannan, wancan ya miƙe ya ɗaga bayan tifa ta juye yashi. Babu malamin da ya gaya masa cewa ruwa ba ya matsuwa, sai dai ya tura abin da ke gabansa, kuma da wannan dabarar ce tifar gaske ke juye kaya, illa dai ita da mai take yi. Shi da kansa ya gano, bayan ya jiƙa rigar makaranta.

Matsalarsa ɗaya ce, taya. Tayar kirki daga silifas ake yanko ta, silifas kuwa yana da mai shi.

"Kai, wa ya ga ƙafa ɗaya ta silifas ɗina?"

"Umma, jiya na ga akuyar maƙwabta tana shinshinar sa."

Umma ta dubi tifar da ke fake a gindin randa, mai shuɗayen tayoyi shida sababbi fil, har da zanen tafin takalmi a jikinsu, ta dubi Injiniya. Daga nan sai a rufe kamfani na kwana biyu. Batun takalman da ke ɓacewa a ƙofar masallaci kuwa ban ce komai ba, tun da ban kama kowa ba.

Injiniya ba ya tafiya shi kaɗai. A bayansa akwai Karen Mota, wato ƙaninsa, wanda aikinsa riƙe ƙusa, miƙo reza, da shan tsawa. An yi masa alkawarin tuƙi tun shekaranjiya. Ranar da Yaya ya tafi islamiyya ya bar mota a zaure, ranar Karen Mota ke zama direba, kuma ranar ake haɗarin da babu wanda ya tsira. Idan aka tambaye shi, cewa yake burki ne ya shanye.

Shi kuwa Direba na asali bai damu da ƙira ba, a ba shi kowace irin mota. Injin yana maƙogwaronsa. Zai tayar da ita da sanyin safiya ta yi gardama sau biyu kafin ta kama, ya sa giya ɗaya, ya sauya zuwa biyu da wata 'yar shaƙewa, ya danna oda ga kaji, ya saki iskar burki a ƙofar shagon mai shayi har da feshin yawu. Ka aike shi sayen magi a shagon da ke bayan gida, sai ya shafe rabin sa'a, domin tirela ba ta shan kwana a lungu sai an yi ribas, ana gefe ana ce mata, "Taho, taho, karya hagu, ya isa!" Miya na kan wuta tana jira, shi yana neman wurin fakin.

Mai Fenti ɗan gayu ne. Ba ya taɓa almakashi, sai an gama wahala ake kawo masa. Yana da sanayya da masu fentin mota, su ke ba shi guntun da ya rage a gindin gwangwani, abin da ya gagara kuma ya cike da jan farcen yayarsa. Burushinsa gashin kaza ne. Makarantarsa ita ce bayan manyan motocin katako, irin Marsandin nan 911 da ake kira roka, masu ɗauke da zaki da dawisu da shaho da furanni. Nasa zakin dai sai ya faɗa maka zaki ne kafin ka daina ganin kyanwa. Kuma dole a yi rubutu a baya, don mota ba rubutu ai ba ta gama shiri ba. Sai dai bai taɓa auna wuri kafin ya fara ba. Zai soma da manyan baƙaƙe cikin isa, "Hassada ga mai rabo ta", wuri ya ƙare, sai ka zagaya gefen direba ka tarar da "ki" ta maƙale a ƙarƙashin madubi.

Akwai kuma wata da ba a cika ambata ba, yarinyar da ke zaune a tsakar gida tana kallon yayanta yana fama da ƙofar da ta ƙi rufuwa. Idan ya fita ta lanƙwasa waya ta yi mata maɗauri, ta mayar da mota inda take. Shi kuma ya dawo ya fita da ita waje yana gaya wa abokai yadda dabarar ta zo masa cikin dare.

Duk waɗannan suna zaman lafiya har sai Mai Ma'auni ya iso. Ɗalibi ne a Kaduna Poly, ko ya taɓa zama, ko yana shirin zama. Da rula yake yawo a aljihu. Zai tsuguna gaban motar yaro ɗan shekara tara ya tambaye shi, "Wannan a wane sikeli ka yi ta?" Yaro ya yi zuru. Sai ya shiga bayani: masu wannan harka a duniya ba da ka suke yi ba. Idan an ce 1:24, ana nufin kowane santimita ɗaya a jikin ƙaramar yana wakiltar 24 a jikin babbar. Fijo 504 tsawonta ya kusa mita huɗu da rabi, saboda haka a 1:24 ba za ta cika santimita 19 ba, a 1:43 ta ɗan haura 10, a 1:64 kuwa 7 ne. Gaskiya ya faɗa, lissafinsa babu kuskure. Sannan ya auna tayar silifas ya sanar da jama'a cewa da za a mayar da motar nan girman gaske, tayarta ta fi direban tsawo. Shi tasa motar tana kan takarda, an zana ta ta gaba da ta gefe da ta sama, tun shekara uku da suka wuce ake jiran kayan aiki masu inganci.

Mutum ɗaya ne ke iya rufe masa baki, Baba Tsohon Fijo, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kamfanin haɗa motoci na Kakuri, can ƙetaren kogi, inda aka fara fitar da mota a 1975. Baba ba ya bukatar rula. Zai karɓi motar yaron ya juya ta a hannu, ya ce, "Ɗana, wannan ba 504 ba ce. Ina karyewar but ɗinta? Ita bayanta ba a miƙe yake ba, gangarowa yake. Fitilunta kuma ba zagayayyu ba ne." Daga nan sai tarihi ya ɓalle: yadda motar ta fito a Faransa a 1968, yadda ta zama motar gwamnati da ta 'yan tasha da ta amarya, yadda ake aiko sassanta daga Faransa cikin akwatuna, har da ta jirgin sama zuwa Kano, su kuma su ɗaure. Baba yana faɗin haka da alfahari, kuma ya cancanta. Amma duk lokacin da na ji wannan zance sai in ga ai shi ma kwali aka aiko masa, nasa dai ya fi girma ne. Haka aka yi da Volkswagen a Legas, da Steyr a Bauchi, da Fiat a Kano, da Marsandi a Inugu. A duk majalisar nan, wanda ya ƙera mota tun daga taya har rufi ba tare da an aiko masa ko ƙusa daga waje ba, shi ne wancan mai kamfanin da Umma ta rufe.

Mu shiga falo, wurin manya. Alhaji Mai Kabad ba ya ƙira, tarawa yake. Ya fara ne da cewa yara yake saya wa, yau ga shi yaran sun yi aure, motocin ba su taɓa sanin hannunsu ba. Yana da Matchbox, 'yan Ingila da aka fara yi a 1953, ƙanana har su shige gidan ashana. Yana da Hot Wheels na Amurka, waɗanda suka fito a 1968, shekara ɗaya da 504, abin da yakan faɗa wa duk baƙon da ya yi kuskuren tsayawa gaban kabad. Yana da 504 ɗin kanta ta ƙarfe, ƙirar kamfanin Norev na Faransa, wadda ƙofofinta ke buɗewa amma an hana su. Wasu ya yo tsarabarsu daga Dubai, wasu ya tono su a tulin 'yan gwanjo, na Kasuwar Barci da na bakin titi, yana tsugune da babbar riga yana cewa jika ne ya matsa masa. Mafi daraja a wurinsa su ne waɗanda ba a taɓa ɓare ledarsu ba, domin a wurin masu tarawa, da zarar an ɓare, kuɗi ya faɗi.

"Alhaji, in taɓa?"

"Taɓa da ido, ɗan albarka."

Rigimarsa da Hajiya ce, domin kabad ɗin nata ne, na kwanukan tangaran ɗinta, kuma a hankali motoci suka cinye hawa biyu suna hararar na uku. "Alhaji, da girmanka da furfurarka?" Shi kuwa ya ce ai gara wannan tarin da wani tarin da maza ke yi. Sai Hajiya ta yi shiru, ta ƙara matsar da faranti.

Wanda na fi tausayi shi ne Mai Kwali. Ma'aikaci ne, ya ga bidiyon wani Bajapane yana haɗa mota cikin natsuwa, ya ce ai wannan ba gagara ba ce. Ya yi oda ta intanet, ya biya da dala, ya jira. Kwalin Tamiya ya iso, na kamfanin nan na Shizuoka da ya faro a 1946 da sana'ar katako. Ya buɗe yana zaton mota zai gani, sai ya tarar da gutsattsarin roba sun haura ɗari, a manne a jikin firam, babu launi, babu gam, babu fenti. Gam ɗin da aka ce a yi amfani da shi babu a unguwa, sai ya sa sufa gulu, tururinsa ya mayar da gilashin gaba fari fat. Ya roƙo fentin mota mai tina ya shafa, bonet ya yamutse, don tina cin irin wannan robar take. Ya sake fesa bodi da kyau, ya shanya a tsakar gida a tsakiyar hunturu, ƙura ta sauka a kan ɗanyen fenti ta zauna daram. Ranar da ya ɗauko madubin gefe da ɗan hantsaki yana shirin mannawa, aka ɗauke wuta. Da safe aka yi shara. Wasu sun ce kaza ce ta haɗiye. Me ya yi? Ya sake odar wani kwalin, wai wancan na koyo ne. Yanzu ƙarƙashin gadonsa ya cika, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ce sai ya yi ritaya.

Dillali kuwa tun yana aji uku aka san inda ya dosa. Bai taɓa lanƙwasa waya ba, amma babu motar da ta sauya hannu a layin ba da saninsa ba. Zai karɓi tankar wannan ya ba shi tifar wancan da cikon alewa biyu, ya cire la'adarsa ta taya ɗaya. Idan Hot Wheels mai ƙafa uku ta faɗo hannunsa daga gwanjo, sai ya goge ta da yawu ya ce, "'Yar Kwatano ce, ba a taɓa hawan ta a Najeriya ba."

Sai Mai Jiran Gwamnati. Wannan ya girma, ya kai sha bakwai, kuma babu shakka yana da hannu: motarsa tana da fitila, tana da rimot, tana yin ribas. An ɗauki bidiyonsa an sa a Facebook, jama'a sun yi ta sa albarka, daga ranar ya daina ƙira ya koma jiran kira. Ya haddace labarin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, wanda a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙira da bunƙasa motoci ta ƙasa. Abin da yake tsallakewa a labarin shi ne shekarun da mutumin ya shafe a aji, daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi har makarantar zane ta Detroit. Wayarsa kullum a cike da caji, kada Gidan Gwamnati su kira su ji ta a kashe.

Da jiran ya yi tsawo, kawunsa ya kama hannunsa ya kai shi Panteka, inda ake narka alminiyom a zuba tukwane, ake ƙera injin niƙa da ƙofofi da abin da duk ka kawo samfurinsa. Yaro ya shiga rungume da motarsa, ya ajiye ta gaban ogan da za a damƙa shi a hannunsa, ya danna rimot, ta yi gaba, ta yi baya, ta kunna fitila. Oga ya ɗaga ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya gyaɗa kai.

"Wa ya yi maka waldar nan?"

"Ba walda ba ce, Oga, gam ne."

"Madalla. Ɗora ta a kan benci kada a taka. Ga tsintsiya can, in ka gama ka karɓo mini shayi, ka ce kauri."