Ai Ba Za Mu Ɓata Ba

Da la'asar sakaliya, in mun baje tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, da wuya a tashi ba a taɓo zancen wani yaro da ya baro ubangidansa a birni ba. Shekaranjiya ma shi aka yi. Yaron nan namu shekararsa 7 a Kantin Kwari, yana buɗe shago, yana sauke dilar atamfa, yana bin bashi layi-layi. Ya dawo Kademi da jaka ɗaya da waya mai fasasshen gilashi. Majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce Alhajin ba shi da tsoron Allah, ya ci gumin yaro ya watsar. Wasu suka ce ai yaran yanzu gaggawa gare su, shekara 7 ana ci da kai, ana yi maka ɗinkin salla, ka yi ciwo a kai ka asibiti, sannan ka ce ba a yi maka komai ba?

Dattijon da muke kira Kawu yana gefe yana jan carbi. Sai da hayaniya ta lafa ya ce, "Ku tsaya. Ranar da aka kai shi, me aka ce?"

Uban yaron yana wurin. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, cewa na yi ga ɗanka nan, Alhaji, amana. Shi kuma ya ce haba Malam, ai ba za mu ɓata ba."

Iyakar yarjejeniyar ke nan. Ba a ambaci shekara nawa zai yi ba, ba a ambaci ko albashi ne ko sallama ba, ba a ce jarin da za a ba shi a ƙarshe kaya ne ko kuɗi ba. Uban ya dawo gida yana lissafin shago a zuciyarsa, Alhaji kuwa yana ganin ya ɗauki ɗan mutane ya riƙe saboda Allah. Kowannensu da gaskiyarsa ya kwana, shekara 7.

Mu haka muke, kuma ba a shagon birni kaɗai ba. Ka kira magini ɗan unguwarku ya tayar maka da katanga, ka ce nawa ne aikinka, sai ya ce, "Haba Yaya, ni da kai? Ba da abin da ya sawwaƙa." Ran da ya gama ka miƙa masa abin da ka ga ya dace, ya sa hannu biyu ya karɓa, ya yi godiya har da addu'a, alhali cikinsa yana tafasa. Ba zai ce maka bai isa ba, abokansa zai faɗa wa a teburin mai shayi. In ka sake kiransa, kullum yana nan tafe. Haka tela, haka kafinta, haka yaron da ka saya wa babur ka ce ya riƙa kawo abin da ya samu.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, mu ɗin nan ba mu da na biyu wajen ciniki. Je ka kara a Wudil ranar Juma'a ka ga mutumin Gaya ko Ajingi yana sayen sa. Zai zagaya shi, ya duba haƙori, ya taya, a ce albarka, ya juya kamar zai tafi, dillali ya riƙo rigarsa. Ba a cewa an sallama sai kowa ya ji adadin da kunnensa, an san la'adar dillali, an san wanda ya shaida. Haka in baƙin 'yan ƙwadago suka zo noman gero: a taka gonar, a yanke jinga, ko naira ɗaya ba a bari a duhu. Da baƙo bakinmu a buɗe yake. Da ɗan'uwa, da maƙwabci, da wanda muke jin nauyinsa, sai kunya ta ɗinke shi. Ga shi kuwa baƙon gobe ba ka ganinsa, ɗan'uwan kuwa da shi za ka yi sahu ɗaya a masallaci har ƙarshen rayuwa.

Ni ina ganin daga gandu muka gaji wannan shirun, kuma a can yana da hujja. Ɗa ba ya tambayar ubansa lada, don gari duka ya san ƙa'idar: ka yi aikin gandu da safe, a yanka maka gayaunarka ka noma da yamma, maigida ya ciyar da gida, ya biya haraji, in ka isa ya yi maka aure. In uba ya gaza, dattawa sun san ya gaza, kuma za su faɗa masa. Yanzu aikin ya zama na'urar POS, da shagon cajin waya, da Adaidaita Sahu a cikin Kano, da gadi a Abuja ko Legas. Wane dattijo ne ya gaji ƙa'idar rabon ribar POS daga kakansa? Kunyar ta biyo mu har cikin sabuwar sana'a, ƙa'idar da ke tallafe da ita ta tsaya a gona.

Kada wani ya ce haka kasuwancin Bahaushe yake tun asali. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 kan cinikin shanu da goro na Hausawa. Abin da ya tarar shi ne ana ba mahautan Yarabawa shanu bashi, maigidan da masu shanun ke sauka wurinsa ya tsaya lamuni, in mahauci ya ƙi biya shi ke da asara. Amana ce ke riƙe da cinikin kaf ɗinsa, amma amanar da kowa ya san iyakarta: ranar biya sananniya, ladan dillali sananne. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, da wakilai ya yi ta sayen gyaɗa ƙauye-ƙauye bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Mutum ba ya sakin kuɗinsa a hannun wakilai masu yawa haka da "ba za mu ɓata ba" kawai.

Malamin da ke ja mana Risala bayan magariba ya sha faɗa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, in za ka ɗauki mutum aiki sai an san ladan, in kuma ka ba shi jari ya juya, abin da malamai ke kira ƙiradi, sai an ambaci kason kowa a riba tun farko. Muna ji muna cewa na'am, washegari mu ba ƙanenmu buhun wake 10 ya kai Dawanau ba tare da mun ce komai ba. Maƙwabtanmu Inyamurai na Sabon Gari su ma suna rigima da yaransu, amma ranar da za a kai yaro ana zama da dangi a faɗi shekarun da zai yi, don haka ko rigimar ta zo akwai abin da za a koma a duba.

Shirun nan ba a ranar farko yake ƙarewa ba. Yaron da bai san matsayinsa ba, ba ya kawo wa ubangidansa labari mara daɗi. Kaya sun jiƙe, mai bashi ya gudu, in aka buga waya sai ya ce lafiya lau, ranka ya daɗe. Wani kuma sai ya fara sallamar kansa kaɗan-kaɗan daga aljihun tebur, yana ce wa zuciyarsa haƙƙinsa ne. Ubangida ya ji a jikinsa, sai ya ƙara ƙanƙame makulli, ko ragin naira 100 sai Alhaji ya dawo. Lissafi duka yana kansa. Mun ga gidajen da maigida ya faɗi ya mutu, kafin sadakar arba'in shago ya zama kango, magada ba su san wa ake bi ba, wa ke bin su. Wannan yana ci mini rai, don yawancin mutanen nan, manya da yaran, ba azzalumai ba ne. Kara suka yi wa juna har ta kai su ga gaba.

A majalisar tamu ta shekaranjiya, muna shirin tashi sai maƙwabcina ya ce shi ma mako mai zuwa zai kai babban ɗansa wurin wani ɗan garinmu mai sito a Dawanau. Kawu ya ce masa ya tafi da takarda da mutum biyu, a faɗi shekaru, a faɗi abin sallama, tun ran gini ran zane.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, da wane ido zan dubi Alhaji in tambaye shi haka? Taimakona fa zai yi."

"To ba kai za ka tambaya ba," in ji Kawu. "Ni na girme shi, na san ubansa. Ni zan raka ku, kai ka yi gaisuwa ka yi shiru."

Suka tsayar da ranar Asabar, motar farko bayan sallar asuba. Uban yaron Kwari, wanda tun ɗazu bai ƙara cewa uffan ba, ya ce in ana neman shaida na biyu a sa da shi.