Jinjina Ga Shugaban Zama

Allah ya ja zamanin shugaban zama, ranka ya daɗe! Ɗalibai a Naraguta sun yi karo-karo daga kuɗin abincinsu, sun sayi man janareta, sun ari majigi, sun buga sunanka da manyan baƙaƙe a saman takardar gayyata. An sa taro ƙarfe 10 na safe, ka iso bayan azahar. Madalla da wannan tarbiyya. Da ka zo kan lokaci, a ina yaran nan za su koyi haƙuri?

Ai ba su taɓa sanin jira ba. Gobarar da ta cinye ɗakin karatun Jami'ar Jos a nan Naraguta cikin Oktoban 2016, ta mai da littattafai da kundayen bincike toka, ba ta koya wa yayyensu komai ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda ya zaunar da ɗalibai a gida daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata 8 cur, shi ma bai isa darasi ba. Sai da ka zo ka cike giɓin.

A wasu wuraren, wai aikin shugaban zama shi ne ya sa wa agogo ido, ya ba kowane mai maƙala haƙƙinsa, ya kare shi daga tambayar cin fuska. Wannan aikin ƙananan mutane ne, bai dace da girmanka ba. Kai da aka miƙa maka lasifika, sai da ka gai da teburin manya ɗaya bayan ɗaya, kowa da sarautarsa da digirinsa na girmamawa. Sannan ka ba mu tarihin karatunka a Ingila, har da sanyin da ka sha. Wa zai so a katse irin wannan ilimi saboda wata maƙalar ɗalibi?

Ga yarinyar nan da ta yi watanni tana zagaya kududdufan da kamfanonin haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa, daga Bukuru har Barikin Ladi. Tana ɗibar ruwan da mutane ke ban ruwan lambu da shi, tana aunawa, da kuɗin motar da mahaifiyarta ta ranto. An yi mata alkawarin minti 15, ka ba ta 3, ka kuwa kyauta. Tana magana kana amsa waya, domin ta san duniya ba ta tsayawa don kowa. Da ta kai ga abin da ta gano a ruwan, ka buga tebur ka ce lokaci ya yi. Tambayar da ka yi mata ta fi maƙalarta tsawo, kuma don tausayi kai ka amsa abarka. Ka gyara mata tsayuwa, ka gyara mata lafazin Turanci. Ruwan da jama'a ke ci da shi kuwa, wannan ƙaramar magana ce.

Saurayin da ya rubuta kan dukawan Naraguta da yadda sana'ar fata ke tafiya a hannunsu, shi ka hutar da shi gaba ɗaya. Ka ce a ɗauka ya gabatar, a tafa masa. Ya koma mazauninsa riƙe da takardun da ya kwana yana bita.

Daga nan aka miƙa maka lambar yabo, aka ɗauki hoto, ka tashi da tawagarka saboda wani taron yana jiranka, rabin zauren ya bi ka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Baɗi ma kai za su gayyata, domin sunan babba ne ke sa a buɗe musu zaure, a saurari roƙonsu na gudummawa. Ka amsa, ranka ya daɗe. Akwai sababbin ɗalibai da har yanzu suke zaton an shirya taron ne don a ji bincikensu, kuma babu mai raba su da wannan zato da sauri kamarka.