Fataken Waya: Daga Kete Krachi Zuwa Bawku, Kowa Da Halinsa

A shekarar 1877 wani saurayin malami haifaffen Kano ya rubuta littafi sukutum da Larabci kan yadda ake tsara wasiƙa. Shi ne aka sani daga baya da Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya baro Salaga bayan yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwarta, ya zauna a Kete yana limanci har rasuwarsa a 1934. A zamaninsa ayarin goro kan yi watanni tsakanin Gonja da Kano, don haka falke ba ya wasa da takardar da zai damƙa wa madugu: wa ya aiko, wa zai karɓa, kaya nawa, bashi nawa, wa ya shaida. Yau tsohon Kete yana ƙarƙashin tafkin Volta tun da aka datse kogin a Akosombo cikin shekarun 1960, saƙon da a da kan yi wata uku a hanya kuwa yana isa kafin a mayar da waya aljihu. Abin da nake gani shi ne waya ta gaji aikin ɗan aike, ta gaji aikin jakin da ke ɗaukar kuɗin wuri, amma ba ta gaji aikin magatakarda ba, kuma yawancin asarar da 'yan kasuwarmu ke ɗora wa sabis asarar rashin rubutu ce. Shaiduna suna nan a kowace tasha.

Na farkonsu Sarkin Gaisuwa. Mai sayen doya a Agbogbloshie ta tambaye shi nawa ƙwarya take yau a Krachi, shi kuwa sai ya danna WhatsApp ya naɗo mata saƙon murya na minti bakwai. Ina kwana, Hajiya, ina gajiya, yaya iyali, yaya Alhaji da jiki, yaya muka ji da ruwa. Zakara na cara a bayansa, wani ya yi sallama ya tsaya ya amsa, ya dawo ya sake gaisuwar daga farko. Farashin yana fitowa ne a minti na shida, daidai lokacin da babbar mota ta danna oda. Bayan mako biyu gardama ta tashi, kowa ya rantse da abin da ya ji, sai a zauna a bi saƙonni arba'in ɗaya bayan ɗaya ana neman wurin da aka ambaci kuɗi. Gaisuwa ado ce, ban ce a bar ta ba. Amma doya ɗari da kuɗinta layi ɗaya ne, a rubuta shi daban, sannan a gaisa har batir ya mutu. Abokin tafiyarsa shi ne Mai Filashin, attajirin da ke da mota biyu ta albasa a hanyar Bawku, wanda zai yi wa direbansa filashin sau tara don direban, da bai karɓi albashi ba tukuna, ya kira da katinsa.

Sai Alhaji Miliyan. A watan Yulin 2007 Bankin Ghana ya cire sifili huɗu daga sidi, tsohon sidi dubu goma ya koma sabon sidi ɗaya. Labarin ya isa ko'ina a ƙasar ban da bakin Alhaji. Har yau idan ya ce miliyan biyar, sidi ɗari biyar yake nufi, kuma yana faɗin haka ne ga yaron shagon da aka haifa bayan canjin, wanda bai taɓa riƙe tsohon kuɗin ba. A Bawku lamarin ya ƙara armashi, domin mai albasar da ya taso daga Galmi ta Nijar da dala da jaka yake lissafi, dala ɗaya sefa biyar, jaka sefa dubu, wanda ya sayo kaya a Sinkase shi ma da sefa ya dawo a baki. Mutum uku za su yi ciniki, kowa ya ce ɗari, kowa ya tashi yana murna, alhali ba mutum biyu a cikinsu da ke nufin kuɗi ɗaya. Maganin nan ba ya bukatar digiri: lamba a rubuce, sunan kuɗin a gefenta.

Malam Na-Turo kuwa ɗan zamani ne. Tun da MTN ta kawo MoMo Ghana a 2009, aka kuma buɗe tura kuɗi tsakanin layuka daban-daban a 2018, ya samu kalmar da kakanninsa ba su da ita. Wallahi, Hajiya, na turo tun ɗazu, sabis ne. Idan aka matsa, sai ya aiko hoton shaidar biya, wanda duk yaron da ya iya latsa waya zai iya haɗa irinsa. Shi kaɗai ba zai ci kasuwa ba sai da Mai Saurin Yarda, wadda za ta saki kwandunan bandar kifi a bakin tafki don ta ga hoto, ba ta duba ko kuɗi ya shiga asusunta ba, saboda tana jin nauyin mutumin da suke sallah masallaci ɗaya da mijinta. Ita ce dai wata rana baƙon murya zai kira ya ce daga kamfani yake, an turo mata kuɗi bisa kuskure, ta karanto masa lambar sirri don a gyara, ta kuwa karanto, har da yi masa sannu da aiki. Kamfani ba ya tambayar lambar sirri, kuma hoton da ke wayar wani ba kuɗinka ba ne sai ka gani a taka.

Wanda ya fi ba ni tausayi, ya kuma fi kowa haɗari, shi ne Maigida Littafi-a-Ka. Shekara talatin yana dillancin shanu ko hatsi a Yendi, ya san wanda ya karɓi buhu goma bara da kaka, ya san wanda ya yi alkawarin biya bayan Sallah, bai taɓa rubuta ko alif ba, kuma yana alfahari da haka. Layin waya ɗaya ne na shago da na cefane da na adashi da na gudummawar biki, duk abin da ya shigo riba ce a wurinsa har ranar da za a sayo sabon kaya a tarar uwar kuɗi ta tafi ɗinkin Sallah. Kansa na aiki da gaske, matsalar ita ce kai ba ya shiga rabon gado. Ranar sadakar uku liman zai yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo, duk wanda mamaci ke bi shi ma ya zo. Rukunin farko kan cika zaure, wasu har da shaidu. Na biyun, Allah Ya sa sun ji shelar.

A ɗaya gefen ga Shugaban Kamfani, wanda ya gama jami'a a Tamale, ya yi bautar ƙasa, ya buga kati mai tambari da muƙami da Turanci. Kamfanin shi ne shi da wayarsa. Ya haddace abin da attajiran Amurka da Sin suka ce game da nasara, amma tambaye shi kuɗin buhun masara ranar kasuwa, ko abin da ake biya a tsallaka da mota a jirgin fito daga Yeji zuwa Makango. Ana yi masa dariya, ni ma na yi, sai dai abin da Maigida ya rasa yana hannunsa: ya iya jera shiga da fita a kwamfuta, ya iya raba asusu, ya iya rubuta yarjejeniya. Ayarin da ya san kansa yana da madugu da jagaba da uban dawaki, yana kuma da malamin da ke riƙe alƙalami, ba wanda ya ce malamin bai yi sana'a ba. Da yaron nan zai ajiye katin ya zauna shekara biyu yana riƙe wa wani Alhaji littafi, da ya fito da sanin kasuwa da amincewar dillalai, abubuwan da ba a ba da su a aji.

Za a ce kasuwar zango a kan amana ta ginu, neman takarda wurin ɗan'uwa zargi ne. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, amma ta manta cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma muminai aka umarta, ba 'yan damfara ba. Rubutu yana kare mai gaskiya daga mantuwarsa, yana kare zumunci daga magada. Za a kuma ce da yawa ba su yi boko ba. Gaskiya ne, amma wanda ke danna lamba goma ya kira Kumasi zai iya danna farashi, wanda ya yi allo kuma yana da ajami, kuma babu gidan da ba ɗan makaranta.

Saura masu cewa abin da aka rubuta hukumar haraji na iya gani. Tsoronsu yana da tushe: a watan Mayun 2022 gwamnati ta ɗora harajin kashi 1.5 cikin ɗari kan tura kuɗi ta waya, ta rage shi zuwa kashi 1 a farkon 2023, mutane da yawa suka koma ɗaure takardun kuɗi a ƙugu kafin a soke shi a Afrilun 2025. Sai dai jami'in haraji idan bai ga littafi ba ƙiyasi yake yi, ƙiyasinsa kuma daga girman shago da tsadar babbar riga yake farawa. Bankin karkara ma, ranar da Alhaji ya je neman jarin ƙara mota, ba zai tambaye shi mutum nawa ke gaishe shi a tasha ba, takardar shiga da fita ta watannin baya zai nema, a nan ne kuma ake ganin Alhaji ya juya yana tambayar ina yaron nan mai kati ya shiga.