Oba-oba a Kan Dala

Laifin mahaifina ne, Allah ya jiƙansa da rahama. Shi ya raine mu a gindin rediyo. Kullum da sassafe, kafin a kawo koko, zai zauna a kan buzunsa yana laluben London a mita 16 ko 19, ni kuma aikina in kama eriya in ɗaga, in karkata, har muryar ta fito tas. Da hannuna ya gaji ya sauka, sai London ta nutse cikin wata ƙara kamar ana suyar ƙosai, shi kuma ya daka mini tsawa: "Kai, ɗaga!" Tun wancan lokacin abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum su ne ke yi mana magana, mu ba halin mu mayar musu ko da "madalla".

Sai da furfura ta fara leƙo mini na gano ashe akwai halin. Duk faɗin duniya akwai masu rediyon sha'awa, mutanen da hukumar ƙasarsu ke ba lasisi da lambar kira, su kafa eriya a gida ko a mota su yi hira da junansu ta iska, babu kati babu data. Lambar 'yan Najeriya da 5N take farawa, ta Nijar 5U, ta Ghana 9G. Ba a kiɗa, ba a talla, ba a karɓar ko sisi. Na bi layi na samu tawa takardar, na kai aka yi mata rigar leda, na adana ta tare da takardun fili. Saura rediyo.

Da manya na fara, su Yaesu da Icom da Kenwood, 'yan Japan. Na ga kuɗi, na juya shi zuwa naira, na sake juyawa ko na ƙara sifili bisa kuskure. Ban ƙara ba. Wanda ke aiki a gajeren zango, wato HF, kuɗinsa ya isa a yi wa yarinya kayan ɗaki har da labule. Ina cikin jimami sai ga wani ɗan China ya faɗo a fuskar wayata: na sawa a mota, wat 25, allo mai launi, kuma bai kai kuɗin ragon layya ba. A jikinsa an rubuta VHF da UHF. Ni kuwa sai na yi lissafin kasuwa. HF harafi biyu ne, waɗannan uku-uku, ashe ma gyara aka yi mini. Ban shawarci kowa ba, na tura kuɗi.

Kwalin da ya iso bai kai na takalmin yaro ba. Rediyon kansa kamar a haɗa sandar sabulu biyu. Littafin da ke ciki an rubuta shi da wani irin Turanci da ko Bature sai ya nemi tafinta. A daren ban iya barci ba. Wajen ƙarfe ɗaya na lallaɓa falo na jona shi da batirin da muke kunna fanka in an ɗauke wuta, na ƙure murya, shiru. Na shiga latse-latse har na iske wani abu wai SQL, an ajiye shi a 3. Na ce, yauwa, ga wanda ke tare mini muryoyin duniya. Na mayar da shi sifili.

Wani "shiiiiiii" ya cika gidan. Jaririya ta tsala ihu. Uwargida ta fito a guje tana salati, ta wuce ni ta faɗa kicin tana laluben tukunyar gas. Sai daga baya na san SQL ɗin nan shi ne takunkumin da ke rufe wa rediyo baki in babu mai magana. Na kwance masa takunkumi, ya faɗa mini iyakar abin da ke cikin iskar Kano a wannan zango: babu kowa.

Ta dawo ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu. "Malam, ragon layyar ke nan?"

Washegari na koma da shi mota, na soka a ramin kunna sigari. Rediyon nan bolt 13.8 yake so, kuma in aka danna maɓallin magana yana zuƙar wuta kusan amfiya 5. Wayoyin motata sun girmi babban ɗana. Ina dannawa sai allo ya ɗauke, ya dawo ya sake yi mini maraba. Na danna, ya suma, ya farfaɗo, ya yi mini maraba. Na kai wa mai rewaya. Ya leƙa ya ce, "Oga, wannan sai an ja masa layi kai tsaye daga batir, a sa masa fis nasa." Gaskiyarsa, kuma ya yi aiki mai kyau. Yaronsa ne ya so ya burge ni. Eriyar mai maganaɗisu ce a gindi, ana manna ta a rufin mota, na kuma yi ƙorafi a gabansa cewa tana dukan saman ƙofar gareji. Ina can ina biyan maigidansa ya sa filaya ya datse mata kusan taƙi guda.

"Oga, na rage maka ita. Yanzu za ta shige lafiya."

Har na ba shi na shan ruwa.

Daga ranar na buɗe ofis a ƙofar gida. A wannan ɓangaren na duniya zangon mita 2 daga megahaz 144 zuwa 146 yake, mahaɗar da ake kiran juna kuwa 145.500. Nan na kafa. Al'adar masu harkar ita ce ka ce "CQ, CQ", wato duk mai ji ya amsa, ka faɗi lambarka, ka saurara. In injin mota na aiki sai wani siririn kuka ya biyo rediyon, in na taka totur ya ƙara sama kamar mai guɗa. Ga tsadar mai. Sai na kashe injin. Tun daga la'asar har bayan isha'i ina kiran duniya, sallah kaɗai ke tashina. Bayan rediyon ya yi zafin da za a iya gasa masara. Duniya ba ta ce uffan ba.

Da safe na murza makulli, mota ta ce "ƙyat". Yara uku cikin kayan makaranta da maƙwabci ɗaya cikin jallabiya suka tura ni har bakin titi.

Abin da ban lura da shi ba, unguwa na kallo. Mutum ya manna eriya a mota, ya ɗaga gilashi, ya kai abu bakinsa yana maimaita haruffa da lambobi, a zamanin nan. Majalisarmu ta gindin dalbejiya, wadda ake raba muƙaman gwamnati kowace yamma, sai ta koma zancen zafin rana da zarar na ja benci. Mai shayi ya daina karɓar kuɗina. Wani dattijo ya same ni bayan sallar magariba, ya rage murya, ya ce akwai ɗan ƙaninsa da aka tsare, ko zan sa baki. Na rantse masa ni malamin makaranta ne. Ya yi murmushi ya ce, "Mun sani, ranka ya daɗe. Ai haka ake so ku ce."

Masu shingen hanya kuwa ba su ɗauke ni nasu ba. An sa na gangara gefe.

"Wannan oba-oba ta mece ce?"

"Ta sha'awa ce, yallaɓai."

"Da wa kake magana?"

"Wallahi har yau ba kowa."

Ya dube ni, ya kira na gaba da shi. Takardar nan mai rigar leda ce ta fisshe ni, don Allah ya sa ranar tana aljihun mota. Babban ya karanta gaba da baya, ya miƙo mini ya ce, "Malam, ba ka da waya ne?"

Ana haka aka yi mini kwatancen wani tsoho a can bayan gari, tsohon ma'aikacin P&T tun kafin a yi NITEL, wanda ya riƙe wannan harka shekaru aru-aru har abokan hirarsa suka ƙare. Na je na durƙusa na gaishe shi na zayyana masa komai. Bai ce kanzil ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan akwati mai allura, ma'aunin SWR, ya jona tsakanin rediyo da eriya ya ce in danna. Allura ta tsallake 3 ta je ta kwanta a ja.

"Saki! Saki, ɗan nan! Wa ya yi wa eriyar nan kaciya?"

Ya zaunar da ni a tabarma. Ya ce tsawon eriya ba ado ba ne, awo ne. Zangon mita 2, rubu'insa kusan rabin mita, haka sandar za ta kasance. In aka rage, wutar da rediyo ya tura ba ta samun hanyar fita duka, sai wani kaso ya juyo ya koma cikinsa ya zama zafi. Allura ta tsaya ƙasa da 1.5, shi ake so. Masarar da nake shirin gasawa, ashe hanjin rediyona ne.

"Baba, to in an gyara zan samu Japan?"

Dariya ta sa shi tari. Ya ce gajeren zangon da mahaifina ke kamawa sama yake tafiya, ya daki wani rufi na iska can ƙololuwa, ya dawo ya sauka a wata ƙasa. Shi ya sa London ke zuwa Kano. Nawa kuwa miƙewa yake yi kamar kallon ido, ya huda rufin ya wuce. A ƙasa, gini ya tare shi, tudu ya tare shi, doron duniya ya tare shi. Daga mota zuwa mota a cikin gari 'yan kilomitoci ne. A garuruwan da masu harkar ke da yawa sukan ɗora na'ura a kan dutse ko dogon ƙarfe, ta karɓi maganarka ta sake watsa ta a tazarar kilohaz 600, sai ka yi nisa. Na ce ai na zuba lambobin irin waɗannan na'urori har guda talatin, daga intanet na kwafo. Ya duba ya ce duk na Ingila ne.

"Zariya ma ba za ka kai ba. Amma tashar 'yan sama jannati, da ke kilomita wajen 400 a sama, za ka iya jin ta in ta gifta, don babu komai tsakaninku. Ana cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. To a wannan sana'a hangen shi ne shigar. Wat 25 a tudu ya fi wat 50 a kwari."

Ya yanko mini sabuwar sanda daga wayar walda, ya auna, ya rage kaɗan-kaɗan har allura ta natsu. Ta tashar sama ma na gwada a 145.825, na ji wani ɗan ƙirrr na daƙiƙa biyu, na ruga na kira uwargida. Ta saurara ta ce gyare ne.

Maganar Dala kuwa na ɗauke ta yadda aka faɗa. Muka yi da Baba ranar Asabar ƙarfe biyar zai kakkaɓe tsohon rediyonsa ya jira ni. Matsala ɗaya, eriya mai maganaɗisu sai da faffaɗan ƙarfe a ƙarƙashinta, don rufin mota shi ne rabin aikinta, mota kuma ba ta hawa matakala. Na gwada murfin tukunya, na alminiyam ne, maganaɗisu ya ƙi shi. Sai idona ya faɗa kan babban tiren ƙarfen nan mai furanni da ke saman kabad, na kayan jeren uwargida, wanda ba a saukowa da shi sai an yi baƙin kunya. Eriya ta kama shi ɗaf. Na sa shi cikin babbar riga na fice.

Haka na hau Dala: ɗan dako a gaba da batirin mota a ka, ni a tsakiya rungume da tire, yara fiye da goma a baya suna gardamar ko mai maganin gargajiya ne ko mai gyaran dish. Ana cewa Barbushe daga kan dutsen nan yake saukowa ya faɗa wa mutane abin da zai faru. Shi ko batir bai taɓa ɗauka ba. Na isa sama ina haki, birni shimfiɗe a ƙasa, ga Goron Dutse can yana kallona.

Biyar daidai na danna, na faɗi lambata, na saki. Sai ga murya, tas, kamar yana zaune a gefen tire. Baba ne! Gashin jikina ya tashi. Shekara talatin da wani abu ina riƙe da eriya, yau an amsa.

Na danna na shiga gaisuwa. Barka da yamma Baba, ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya jikin, yaya ƙafar, ina su Hajiya, yaya muka ji da zafin nan. Ban sani ba shi ma ya danna yana jero tasa. Mu Hausawa gaisuwarmu a sarƙe take, kana tambaya ana amsawa ana tambayarka. Oba-oba kuwa ɗaya ke magana ɗaya ke ji, in duka biyu suka danna kowa bango yake gaisarwa. Ban kai ga tambayar jikoki ba rediyon ya yi "ɗit" ya yanke ni, don akwai wani agogo a cikinsa, TOT, da aka saita ya katse duk wanda ya wuce minti ɗaya. Wanda ya saita shi bai taɓa gaida surukinsa ba. Na sake dannawa na ɗauko daga farko.

Wayata ta yi ƙara a aljihu.

"Ɗan nan, cire yatsanka daga maɓallin nan. In ka gama ka ce oba, ka yi shiru."

Na cire. Muryarsa ta fito daga rediyo, ya ce yana ji na biyar da tara, wato magana ta fita sarai kuma da ƙarfi. Yaran suka yi tafi. Ɗan dako ya ce in tambaye shi ko ana ruwa a can. Muka rufe da 73, sallamar masu harkar. Duka-duka nisan bai wuce inda ɗan sahu zai kai ka ba, amma na rubuta shi a sabon littafi, shafi na ɗaya, da jan biro.

Ban rufe biron ba wayar ta sake ƙara. Uwargida ce.

"Malam, kana ina?"

"Ina kan Dala. Hajiya, an amsa! Na yi magana ta iska!"

"Madalla. To ka gaya wa iskar dangin mijin ƙanwata sun zo, abinci na kan wuta, tirena nake jira. Oba."