Hunturu Ya Sha Zargi, Janareta Ya Sha Mai

Malaman zaure ba su bar mana wata shubuha game da ruwa ba, domin duk wanda ya durƙusa ya biya Ishmawi ko Ahalari ya san cewa idan najasa ta jirkita launin ruwa, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa, to, ba alwala ba wanka. Har gobe ma za ka ga dattijo ya ɗaga buta yana sansanawa, yana tuhumar jikansa da tsoma hannu. Amma wannan dattijo, da zarar ya idar da magariba, sai ya ja tabarma bakin titi, inda launin iska da ɗanɗanonta da warinta suka jirkita tun tuni, ya zauna yana zuƙa cikin natsuwa, in tari ya sarƙe shi ya ce sanyi ne.

A kan mas'alar tarin nan kuwa, mutanen birni sun yi ijma'in da ko a kan ganin wata ba su taɓa yin irinsa ba, wato hunturu ne mai laifi. Ban ce hunturu waliyyi ne ba. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi, ta shimfiɗa mana hazon da wani lokaci yakan hana jiragen sama sauka Kano. Sai dai shari'a ba ta halatta a ɗora wa baƙo laifin 'yan gida ba, kuma alƙali mai adalci zai so ya ji dalilin da ya sa ake tari a tsakiyar damina, alhali wanda ake tuhuma ya yi sallama ya tafi.

Babba cikin 'yan gidan nan shi ne janareta, wanda saura ƙiris a sa shi cikin lefe. Girka shi yana da ladubba waɗanda ba a rubuta a littafi ba amma kowa ya haddace: a nisanta shi daga tagar maigida gwargwadon tsawon waya, a juya bututun hayaƙinsa ya fuskanci tagar maƙwabci. Shi kuwa maƙwabci, da yake mutum ne mai kara, ba zai ce uffan ba, sai ya shiga adashi ya sayo nasa ya juya wa na gaba, har hayaƙi ya zaga unguwa ya komo wa mai shi da riba. Wanda ya fi kowa dabara shi ne mai tsoron ɓarayi, da ke shigar da shi ɗaki ya kulle. A nan raha ta ƙare, domin cikin hayaƙin akwai guba marar launi marar wari, wadda ta sha kashe mutanen gida kaf suna barci.

Bayansa sai mai ƙona bola, wanda bai taɓa kunna ashana ba sai ya tabbata iska ta ba gidansa baya, da mai babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya, da direban da motarsa ke tafe cikin baƙin gajimare yana rantsuwa inji ne ke gyara murya. Gwamnatin Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, don tsaro ba don huhu ba, kuma 'yan A Daidaita Sahu sun karɓi gadon ba tare da an kira alƙalin rabo ba.

Likitoci sun ce abin tsoro ba ƙurar da ke maƙale wa gashin hanci ba ce, a fyace ta a huta. Abin tsoro shi ne ƙwayoyin da sai an jera kamar talatin kafin su kai kaurin silin gashi, waɗanda ke zarcewa can ƙuryar huhu, mafi ƙanƙanta su tsallaka cikin jini, su tayar da asma, su jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da sankarar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2. Turawan Ingila ma sai da suka ɗanɗana kuɗarsu: a Disamban 1952 hayaƙin kwal ya rufe Landan kwana biyar, aka lissafa gawa wajen 4,000 da fari, bincike daga baya ya kai adadin kusan 12,000, a 1956 majalisarsu ta yi dokar tsabtace iska. Da a wajenmu ne, la'alla da an kafa kwamiti, a ƙaddamar da shi da janareta uku.

Hanyoyin kariya ba ɓoyayyu ba ne, kunya ce ta yi musu hijabi. Takunkumin da ke tace ƙananan ƙwayoyin nan shi ne irin wanda ake kira N95, in ya kama fuska sosai. Na ƙyalle yana tare manyan ƙura kawai, wanda aka rataya a haɓa kuwa gemu yake karewa. Amma ka ɗaura shi ka shiga kasuwa, kafin ka kai rumfa ta uku wani ya ce, "Alhaji, korona ce ta dawo ba mu ji ba?" alhali kakan mai tambayar bai fita cikin hazo ba sai da amawali, kuma Buzu har yau bai nemi afuwar kowa a kan rawaninsa ba. Ranar da hazo ya yi kauri, mustahabbi ne a rufe tagogi, a tsare jarirai da tsofaffi da masu ciki da masu asma a gida, mai shara ta yayyafa ruwa kafin ta sa tsintsiya. Masu gudun motsa jiki a gefen babban titi da safe, lokacin da motoci ke tururuwa, niyyarsu kyakkyawa ce, illa iyaka suna zuƙar rabon mutum uku. Su nemi fili nesa da kwalta.

Tarin da ya wuce mako biyu kuwa, ko ya zo da jini ko sarƙewar numfashi, hukuncinsa asibiti ne, a duba ko tarin fuka ne. Amma magidanci ya fi son ya fara da citta da kanumfari, ya bi da zuma, in abin ya faskara ya garzaya kemis, inda mai shago, wanda janaretansa ke ruri a bakin ƙofa har sai an yi magana da ihu, zai miƙa masa kwalba ruwan ɗorawa, ya ce hunturun bana ne ba dama, in bai ji sauƙi ba ya dawo jibi a canza masa ja.